Karatu a Bakin Allura: Tambayoyi da Amsoshi kan Koyar da Darussan Makaranta ta Hanyar Ɗinki da Faci

Tambayoyin nan su ne iyaye, malaman firamare da na Islamiyya da wasu teloli a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara suka fi maimaitawa idan aka ce musu yaro na iya koyon lissafi, kimiyya da rubutu yana riƙe da allura. Na farko-farkon na wanda bai taɓa gwadawa ba ne, na can ƙasa kuma na wanda ya fara har ya ci karo da matsala.

Wai me ake nufi da koyon darasi ta hanyar ɗinki?

Ana nufin a miƙa wa yaro aikin gaske: wandon makaranta da ya yage a gwiwa, hijabin da kalmasarsa ta warware, rigar da maɓallinta ya fita. Sai dai kafin ya taɓa almakashi, a sa shi ya ƙiyasta da ido, ya auna da tef, ya rubuta abin da ya samu, ya yi lissafin da aikin ke nema, sannan ya yanka. Wannan jerin shi ne darasin. Idan aka tsallake rubutu da lissafi, an yi ɗinki, amma ba a yi karatu ba.

Abin da ya ba hanyar ƙarfi shi ne ƙyallen da kansa ke duba amsa. A littafi, yaro sai ya jira jan biron malam kafin ya san ya kuskure, wani lokaci har mako ya zagayo. A nan kuwa, facin da ya yanka ya gaza rufe ramin, ya gani da idonsa, ba sai an gaya masa ba.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Daga shida zuwa bakwai, amma da basilla marar kaifi da tsohon buhun taki ko na masara, domin saƙar buhu a buɗe take, yaro na iya ƙirga ramukan: tsallake biyu, shiga ɗaya. Allura mai tsini sai kamar shekara takwas ko tara, keke kuma sai ƙafarsa ta kai mataki ba tare da ya zame daga kujera ba. Yara sun bambanta, don haka hannun yaron za a duba fiye da shekarunsa.

Ba ni da keken ɗinki. Zan iya?

Ƙwarai. Mafi yawan abin da ke cikin amsoshin nan ɗinkin hannu ne. Abin da ake bukata: allura, zare kala biyu, almakashi, alli, tef ɗin awo, littafin rubutu guda ɗaya da ba a komai a cikinsa sai wannan aiki, da ƙyallaye. Ƙyallen ma ba sai an saya ba. Telan unguwa yana share shi kullum, musamman gab da Sallah, in aka roƙa zai tara. Zare kala biyun kuwa dalilinsa shi ne wanda ya saɓa da kalar yadi ya fi sauƙin ƙirgawa ga mai koyo.

Ni ban yi boko mai zurfi ba. Ta yaya zan koya wa ɗiyata lissafi?

Uwar da ta san turmin atamfa yadi 6 ne, ta san nawa zani zai ci, nawa riga, nawa za a rage na ɗankwali, ta riga ta iya rabin darasin. Abin da ya rage shi ne ta daina ba da amsa, ta koma tambaya. Maimakon ta karɓi zanin ta yanka, sai ta ce, "Ke ɗiyata, in na cire yadi biyu da rabi, nawa ya saura? Rubuta mini in gani." Ko uwar ba ta iya karanta abin da aka rubuta ba, tef zai tabbatar.

Wurin da iyaye mata suka fi faɗuwa ba rashin ilimi ba ne, saurin hannu ne. Wadda ta ƙware tana jin zafin ganin ɗinki a karkace, sai ta fizge ta gyara. Ki daure ki zauna kan hannunki. Dubi amsar da ke can ƙasa game da ƙyallen da ya lalace.

Ɗana namiji ne. Ba aikin mata ba ne wannan?

A zaga layin teloli a kowace kasuwa ta Zamfara a ƙirga maza. Masu aikin wuyan babbar riga, masu aska takwas, masu yawo da keke a kafaɗa suna faci gida-gida, akasarinsu maza ne. Sannan an ruwaito daga Nana Aisha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Idan yaron na jin kunyar hijabin ƙanwarsa, a ba shi jakar makarantarsa, ko hula, ko buhun da za a kai gona.

Wane lissafi ne takamaimai ke cikin faci?

Ya fi yadda ake zato. A ce rami ya kai inci 3 a tsawo, inci 2 a faɗi, kuma an ce a bar rarar inci 1 a kowane gefe saboda ɗinki. Yara da dama za su yanka 4 da 3, domin sun ƙara ɗaya-ɗaya. Daidai shi ne 5 da 4, tunda gefe biyu ne ta tsawo, biyu ta faɗi. Kada a gyara masa da baki. A bar shi ya yanka a takarda, ya ɗora kan ramin, ya ga inda ya gaza. Daga nan a tambaye shi girman ramin (3 sau 2, wato 6) da girman facin (5 sau 4, wato 20), da tsawon kewayen da zai ɗinke (5 da 4 da 5 da 4, wato inci 18). Bambancin kewaye da girman fili, wanda ke rikita ɗalibai har ƙaramar sakandare, ga shi nan a tafin hannu: ɗaya zare yake ci, ɗaya ƙyalle.

Maɓalli ma yana da nasa tarko. Maɓalli 5 za a jera a tsawon inci 16, na farko a sama, na ƙarshe a ƙasa. Yaro zai raba 16 gida 5 ya rikice. Tazarar da ke tsakanin maɓalli biyar guda huɗu ce, don haka inci 4 ne kowace. Irin wannan tambaya tana zuwa a jarrabawa da sunan itatuwa a bakin hanya ko turakun shinge, kuma wanda ya taɓa jera maɓalli ba ya faɗa mata.

Sai ninkawa da rabawa. In yana samun ɗinki 5 a kowane inci, kalmasa mai inci 12 ɗinki nawa ce? Ya faɗi 60 tun kafin ya fara, sannan ya ƙirga bayan ya gama. Rabi, kwata da sulusi kuwa, ninka ƙyalle ne kawai: yadi inci 36, rabinsa 18, kwatansa 9, sulusinsa 12. A tambaye shi wanne ya fi tsawo tsakanin sulusi da kwata, ya auna ya ba kansa amsa, domin yara da yawa suna ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu ya fi ɗaya cikin uku tunda huɗu ta fi uku.

Tela da inci yake awo, makaranta da santimita. Ba za a rikita yaron ba?

Akasin haka, sa'a ce. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci 60, ɗaya santimita 150 ko ɗoriya kaɗan. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi kuma santimita 91.44, wato bai cika mita ba. A sa yaro ya auna abu guda da fuska biyun, ya rubuta su gefe da gefe, har ya soma ƙiyasta ɗaya daga ɗaya. Ɗan firamare ya riƙe biyu da rabi, ya ishe shi. Abin da za a tsananta a kai shi ne kada ya rubuta lamba tsirara: "14" ba awo ba ne sai an ce inci ko santimita. Maki da yawa na zubewa a jarrabawa saboda wannan kaɗai.

Ɗalibin sakandare fa? Ba a wuce da shi nan ba?

A ba shi hula. Wanda kansa ya auna inci 22, yaya faɗin da'irar saman hularsa zai kasance daga gefe zuwa gefe? A raba 22 da 22 bisa 7 (lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, kusan 3.14), a samu inci 7 cif. Ya zana da'irar a kwali, ya naɗa tef a kewayenta, ya ga 22 ta dawo. Bayan haka ya auna bakin kwano, murfin tukunya da faifai, kowanne ya raba kewaye da faɗi, ya lura amsar ba ta nisa da 3.14 ko abin babba ne ko ƙarami. Wanda ya gano wannan da hannunsa ba ya bukatar haddar dole.

Kaso cikin ɗari kuma daga wanki za a samo shi. A yanko sabon yadin auduga santimita 40, a wanke, a shanya, a sake aunawa. A ce ya koma 38: ya ragu da 2 cikin 40, kashi 5 cikin 100 ke nan. To, wanda ke son riga mai tsawon santimita 95 bayan wanki, nawa zai yanka? Sai lissafin riba: kuɗin yadi, zare, zif da lokacin da jakar littafi ɗaya ta ci, sannan farashin da za a sa mata. Nan ne ɗalibi ke gane cewa wanda bai sa ladan hannunsa a lissafi ba yana iya sayar da kaya duka ya tashi ba komai.

Ina kimiyya ta shigo?

Ta nau'in zare. A ɗiga ruwa kan ƙyallen auduga da kan yadin roba, a ga wanne ya tsotse, wanne ruwan ya tsaya a kai. Daga nan yaro zai fahimci abin da ya sa rigar roba ke dafa mutum a zafin Afrilu: gumi ba ya samun inda zai shiga ya bushe. Babba ya ciro zare kaɗan daga kowanne ya kusanta da wuta, yaro na kallo daga nesa. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri. Darasin kiyaye kai ne ma ga mai shiga madafa da hijabi.

A ja ƙyalle ta tsaye, a ja ta kwance, sannan a ja ta kusurwa zuwa kusurwa. Ta kusurwa ya fi miƙewa, saboda zaren tsaye da na kwance sun gitta juna ne, in aka ja a karkace sai su goce. Allurar da aka bari a danshi ta yi tsatsa, wadda aka shafa wa mai ta tsira: ƙarfe, ruwa da iska ke nan. Maganaɗisun tsohuwar lasifika yana ɗaukar allura, ba ya ɗaukar maɓallin roba. Wanda kuma ke da marina kusa, ya kai yaro ya ga yadda zane ke fitowa daga ruwan baba da kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi.

Muna da keke na ƙafa a gida. Me za a koya daga shi kansa?

Injiniyanci ne a tsakar ɗaki. Ƙafa tana hawa da sauka, sandar da ke haɗe da mataki ta mai da wannan motsi juyawa, babban wili ya ja bel, bel ya juya ƙaramin wili na sama, allura ta koma hawa da sauka. A cire zare, a sa alamar alli a wili biyun, a juya babban sau ɗaya a hankali, yaro ya ƙirga sau nawa ƙaramin ya zagaya. Sannan ya auna faɗin inda bel ke zama a kowanne, ya raba, ya kwatanta da abin da ya ƙirga. Kowane zagaye ɗaya na ƙaramin ɗinki ɗaya ne.

A sa zaren sama ja, na ƙasa fari, a ga yadda suke sarƙewa a tsakiyar yadi. Idan zare na taruwa a ƙasa, yawanci na sama ne ya yi sako-sako. A bar yaro ya sauya abu ɗaya tak, ya gwada, ya rubuta abin da ya faru, kafin ya taɓa wani. Haka ake gwaji a ɗakin kimiyya. In ya tambayi asalin keken, a Amurka Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Isaac Singer kuma a 1851, sunan da har yau ake gani a jikin kekuna.

Rubutu da karatu fa?

Littafin nan da aka ambata a amsar kayan aiki shi ne wurinsu. Bayan kowane aiki yaro ya rubuta kwanan wata, abin da ya gyara, awon da ya yi, da matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a ba ƙanensa ko abokinsa rubutun ya bi shi kalma da kalma. In an manta a ce "ƙulla bakin zare", zaren zai zare, marubucin ya koma ya gyara jimlarsa. Ya fara da Hausa, da boko ko da ajami, wanda ya fi sabawa da shi. In tunanin ya zauna, sai ya mai da shi Turanci, ya nemo sunayen kayan aikin a littafinsa na makaranta.

Tarihi da labarin ƙasa ma suna ciki, ko ƙari ne kawai?

Suna ciki, sai dai nan ɗinki ƙofa ce kawai, ba ya duba amsa kamar yadda yake yi a lissafi. A karanta rubutun da ke gefen atamfa ko a wuyan rigar gwanjo, a nemo ƙasar a taswira, a bi hanyar da kayan suka biyo har Kantin Kwari a Kano, har Gusau. Sannan a juya tambayar: audugar da ake nomawa a Zamfara ina take zuwa? Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa na cikin manyan kayan da yake kwasa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Gusau ma ta yi tata masaƙar, wadda yanzu ta tsaya. A tura yaro wurin kakarsa da tambayoyi biyar kan kaɗi, mazari da abawa, ya rubuto abin da ta ce. In akwai dattijon da ya yi aiki a masaƙa a unguwa, ya fi kowane babi na littafi.

Ajina ya cika maƙil, minti 35 gare ni. Yaya zan yi?

Kada Malam ya raba allura ga kowa. A kasa yara biyar-biyar: mai awo, mai rubutu, mai lissafi, mai zane da alli, mai yanka, kuma a riƙa juya aikin, in ba haka ba mai ƙarfin baki zai riƙe almakashi har ƙarshen zango. Darasin farko duk a tsohuwar jarida ko takardar siminti za a yi shi. Ɗinkin kansa a kai shi gida ko lokacin tara, aji na awo da lissafi ne. Minti goma na ƙarshe kuma a rufe ƙyalle a koma allo, saboda dalilin da ke cikin amsar yadda ake gane yaro ya koya.

In na kai shi shagon tela ba shi ke nan ba?

Zai koyi sana'a, kuma abu ne mai kyau, amma darasi ba ya zuwa da kansa. Sabon yaron shago yakan daɗe yana shara, guga da aike kafin a bar shi ya riƙe tef. Telan kuma lissafinsa a ka yake, da sauri, ba ya faɗa a fili. Uba ya zauna da shi ya roƙi abu biyu: yaron ya riƙa rubuta awon masu kawo ɗinki a littafin shago, kuma kafin a yanka yadi a tambaye shi ƙiyasinsa. Sannan a tsayar da lokaci. Shagon da ke hana yaro zuwa aji, musamman a watan azumi da ake kwana ana ɗinki, ya ci amanar abin da aka kai shi yi.

Wannan zai iya maye gurbin makaranta? Zai taimaka a jarrabawa?

Ba zai maye ba. Tun 2021, bayan sace ɗalibai mata a makarantar Jangebe da rufe makarantun da aka yi a jihar, iyaye da yawa ke neman abin da zai riƙe kan yaro idan karatu ya tsaya, kuma a nan hanyar tana da amfani sosai. Amma akwai darussan da allura ba ta kai gare su, kuma cusa su da ƙarfi ɓata lokaci ne. Awo, kaso, kewaye, girman fili, riba da faɗuwa da siffofin kaya su ne gidanta.

Ta fuskar manhaja, ɗinki ba baƙo ba ne. Yana cikin darasin kula da gida a matakin ilimi na shekara 9 da dokar UBE ta 2004 ta wajabta, WAEC da NECO sun yi shekaru suna jarraba darasin tufafi, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanya zane da ɗinkin tufafi cikin sana'o'i shida na sabuwar manhaja.

Yaya zan gane ya koyi darasin, ba ɗinkin kaɗai ba?

A ɗauke ƙyallen, a sauya kayan tambayar. Wanda ya iya facin inci 5 da 4, a ce masa lambu mai tsawon mita 3 da faɗin 2 za a zagaye da hanya mai faɗin mita 1, ya faɗi tsawo da faɗin duka. In ya amsa, abin ya shiga. In ya tsaya yana kallon sama, hannunsa ne ya koya, kansa bai kai ba tukuna. Sai a dawo da ƙyallen, ya yi bayani da baki yana nunawa, sannan ya zana a takarda, sannan a sake tambayar lambun bayan kwana biyu. Wannan tsallakawa daga ƙyalle zuwa takarda ita ce aka fi yin sakaci da ita, domin kowa na murnar jaka ta yi kyau.

Ba hatsari?

Akwai, kaɗan. A ƙirga allurai kafin a fara da bayan an gama, a soke su a ƙyalle guda, ba a tabarma ko katifa ba. Ba a riƙe allura a baki. Gidan da ke da mai rarrafe, a bi ƙasa da maganaɗisu. Wuta da dutsen guga aikin babba ne. In allura mai tsatsa ta soki yaro da zurfi, a wanke da sabulu a je asibiti a yi maganar rigakafin tetanus. Kuma a yi aikin da rana a inuwa, ba da dare da tocilan ba.

Ya ɓata ƙyallen. In karɓa in gyara?

A'a. Shi ya sa aka ce a fara da takarda da ƙyallen shara, ba da shaddar Sallah ba. A tambaye shi, "Nawa ka rubuta? Nawa ya fito? A ina suka rabu?" Sau da yawa za a tarar lissafinsa daidai ne, tef ɗin ne ya fara daga inci 1 maimakon daga bakinsa, ko ya manta rarar ɗinki, ko ƙyallen ya yamutse lokacin awo. Kowanne da maganinsa daban, kuma duka ko tsawa ba ya cikin su. Ya rubuta dalilin a littafinsa, ya liƙa ƙyallen da ya lalace a shafin, ya sake yanka wani. Idan ɗinki ne ya karkace, ya warware shi da kansa, ya ja layi da alli da rula kafin ya sake soka allura.